Mai Bene da Turken Ragon Umma

Bari in fara da wautata, tunda ko ban faɗa ba ƙannena za su faɗa, kuma su ƙara mata gishiri. A bara na yanke shawarar zama ƙato. Wani yaron layinmu a Gangare ne ya ce hannuna kamar tsinken tsire, aka yi ta dariya har da mai sayar da rake da ba a sa da shi ba. Sai na ce zan haɗa kayan ɗaga ƙarfe na kaina. Na samo wata doguwar sandar ƙarfe, gefe ɗaya tana da kai mai faɗi kamar faifai, ɗaya gefen kuwa ba komai. Don nauyi ya zo daidai, na kwaɓa siminti a bokitin fenti na dasa wancan gefen a ciki. Da ya bushe na tara ƙannena a tsakar gida su zama shaidu. Na tofa yawu a tafin hannu, na yi bisimilla, na ɗaga. Ta tashi daga ƙasa kamar kaurin biredi, ta yi ɗan tunani, ta koma ta sauka a kan babban yatsan ƙafata. An ce ihun da na yi har ladanin unguwa ya leƙo ya ga ko gobara ce. Farcen ya yi baƙi ya fita, ni kuma na yi ritaya daga ƙatanci a ranar da na fara.

Umma ba ta zubar da komai. Gwangwanin madara a wurinta ludayi ne, tsohuwar taya kujera ce. Ta sa aka mirgina abin zuwa bayan madafa, aka binne bokitin a ƙasa sandar na tsaye, ta kifa tsohon kwano a kan faifan, ta ɗaure ragon da take kiwo a jiki. Ta ce ko wauta ma tana da ranarta. Baba bai taɓa ganin turken ba, don ba ya zagayawa bayan madafa. Shi da ragon nan ba sa ga maciji tun ranar da ya tunkure shi yana tsugune yana alwala.

Inda na samo sandar kuwa, sai na gaya muku aikin Baba. Direba ne, amma ba na ƙananan bas ɗin nan da ke tsere tsakanin Taminus da Bukuru ba. Motarsa mai hawa biyu ce, kowa Mai Bene yake ce mata. Wani Alhaji ne ya shigo da guda uku tun kafin a haife ni, ya sa su haya. Biyu sun gaji sun kwanta a wani fili mai katanga a Bukuru, ciyawa ta kai musu taga, ƙadangaru suka mai da su gidan haya. Ta ukun ce Baba ke tuƙa wa Alhajin. Ta daina lodin fasinja, sai ɗaukar 'yan biki, da yaran makaranta idan za su yawon buɗe ido, da yara ranar Sallah. Da ita muke ci, da ita ake biya mana makaranta.

Ni ne kwandastanta a ranakun hutu, kuma saman nawa ne. Daga can kana ganin cikin gidajen mutane, ka san wa ya yi shanya wa ya dafa wake. Rassan mangwaro suna marin taga, 'yan mata suna ihu, ni ina tsaye a bakin matakala ina ba da umarni kamar matuƙin jirgin sama.

Matsalar Mai Bene ɗaya ce, ba a sayar da kayanta a kasuwa. Baba yakan ce ƙasar da ta ƙera ta ma ta manta da ita. Duk abin da ya lalace, sai ya ɗauki sifana ya shiga ciyawa wurin matattun biyun, waɗanda yake kira yayyenta, ya kwanto ya ɗaura. Haka ta rayu shekara da shekaru, tana cin 'yan'uwanta kaɗan kaɗan. A ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu na tsinci sandata, kwance a ciyawa, giris da ƙasa sun lulluɓe ta. Na ɗauka tarkace ne. Na ɓoye ta a ƙarƙashin kujerar baya ta sama, da muka shigo gari na sauke ta, ni da abokina muka kinkime ta zuwa gida muna hutawa a ƙofar kowane shago.

Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa. Babban ɗansa, wanda ke zaune a Rayfield, ya sayar da filin ga masu son gina shaguna, matattun biyun kuma ga 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli. Bai yi da mugunta ba. Har waya ya yi wa Baba ya ce ya je ya kwance duk abin da yake so kafin ƙarshen mako. Baba ya aro jak babba, ya yi magana da bakanike biyu, ya ce mini in shirya, Asabar za mu wuni a can. Amma 'yan gwangwan ba su san Asabar ba. Tirelarsu ta samu lodi za ta tafi kamfanin narka ƙarfe a kudu, sai suka zo da wuri. Mai gadin filin ne ya kira Baba, muka tashi ko shayi bai ƙarasa ba.

Da muka isa, ɗaya ta riga ta zama tarihi. Ɗayar kuma sun yanke mata bene sun ajiye a gefe kamar murfin tukunya. Wutar gas tana huci, tartsatsi na tashi, samari baƙi-ƙirin da gumi suna dukan ƙarfe da guduma suna waƙa. Na taɓa ganin an fede raƙumi a mayanka, to wannan ya fi shi, don raƙumi ba shi da matakala. Inji, giya, aksil, duk abin da ke da nauyi shi suka fara lodawa, kuma tirelar farko ta tashi tun da hantsi. Baba ya tsaya da akwatin sifanunsa a hannu bai ajiye ba.

Ogan 'yan gwangwan ya zo ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi haƙuri, ya ce su ba su san akwai mai so ba. Ya bar mu muka tsinci fitila ɗaya da hon da wasu notuna. Sannan ya juya ya dubi Mai Bene da ke fake a bakin ƙofa, ya yi mata irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

"Baba direba, wannan ma in ta gaji a tuna da ni," in ji shi.

Baba ya ce, "Ba ta gaji ba."

Daga ranar tuƙinsa ya canza. Yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Mai keke ya wuce mu, mai baro ya wuce mu, wata rana na rantse wata tsohuwa mai sanda ta wuce mu har ta waiwayo ta yi mana sannu. In ya ji ƙara kaɗan sai ya tsaya ya sauka ya kasa kunne. Ya hana ni buga jikinta in zan ba shi alamar tashi, ya ce in yi magana da baki, Allah ya ba ni.

Duk da haka abin ya zo. Mun ɗauko 'yan kai amarya daga Bukuru, sama da ƙasa cike da mata da kuloli da yara, ana guɗa ana waƙa. A wani ɗan hawa Baba ya sauya giya, sai muka ji ƙas daga baya, kamar an karya ƙashin saniya. Inji na kuka, mota ba ta tafiya. Ya taka birki, na yi tsalle na sa dutse a taya. Wata gwaggon amarya mai faɗin murya ta sauko daga bene tana cewa dama ita tun farko ba ta yarda da motar da aka yi wa soro ba. Aka yi ta tare ƙananan motoci ana loda su, kuloli a cinya, ɗaurin ɗankwali duk ya karkace.

Da aka janyo ta gareji aka kwance tayar baya, Baba ya zaro abin da ya karye, gida biyu. Shaf ake ce masa, sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. In babu shi mota ɗaki ce kawai. Ya yi baƙi da mai, ga shi guntu biyu, ni kuwa hankalina yana kan shinkafar bikin da ta wuce ni, don haka ban ga komai a jikinsa ba sai nauyi.

Nauyin kuwa ni na san shi, don ni na yi ta dakonsa a buhu. Muka fara da Dilimi, wurin masu kayan gyara. Akwai wani Oga a can, Inyamuri, abokin Baba tun suna samari, shagonsa cike har rufi, kuma ya san inda kowane noti yake. Ya juya guntayen, ya ƙirga haƙoran bakin da yatsa, ya yi tsaki. Ya kira ɗan'uwansa a Anaca, ya kira wani a Legas, ya kira Kano, yana yi yana haɗa Hausa da Turanci da yarensu. Kowa sai ya ce a turo hoto, in an tura sai a ji shiru.

"Malam, wannan mota kakansa ya mutu, babansa ya mutu," in ji Oga. "Da ka zo kafin su yanka waɗancan."

Baba ya ce ai ya sani. Oga ya sayo mana lemo, ya ce a gwada walda. Mai walda ya ce zai haɗa, ba mai gane wurin. Baba ya ƙi. Ya ce shaf ɗin da aka yi wa walda zai sake karyewa, kuma ba zai zaɓi ranar da mota take wayam ba, sai ranar da yaran mutane suke sama. Muka je wurin masu manyan motoci, aka gwada na tirela, aka gwada na tifa, wani ya yi kauri, wani haƙoransa ba su hau ba. Kafaɗata ta yi kanta. Na gaya wa Baba ƙatancin da na nema a bara ga shi ya zo da kansa, bai ko yi murmushi ba.

Daga nan sai Rayfield, don dole a gaya wa mai mota. Unguwar shiru kamar an hana tari, bishiyoyi sun yi layi, karnuka suna haushi da ƙoshi. Ɗan Alhaji ya karɓe mu a baranda, ya kira Baba da Baba, ya sa aka kawo ruwa mai sanyi. Ya ce shi ba ya son ya raba Baba da abincinsa, amma ƙannensa suna da haƙƙi a motar, kuma ogan 'yan gwangwan ya riga ya kira shi. In ta tashi kafin Babbar Sallah, shi ke nan, ta ci gaba da aiki. In ba ta tashi ba, zai sayar a raba wa magada. Baba ya ce gaskiya ne, Allah ya saka da alheri. A hanyar dawowa ya tambaye ni ko na san nawa ake ba da hayar Keke Napep a rana. Na dube shi, mutumin da ya saba kallon gari daga sama, na hango shi a duƙe cikin keke gwiwa na taɓa haɓa. A nan ne abin ya daina ba ni dariya.

Muka iso gida bayan la'asar. Na jefar da buhun a tsakar gida, guntun mai faifai ya mirgino waje. Baba ya zauna a tabarma bai cire hula ba. Umma ta fito daga madafa da tsintsiya, ta ce wa ya zubar mata da ƙarfe a inda ta share. Ta sunkuya za ta janye shi, sai ta tsaya, ta karkata kai.

"Malam, wannan ai ɗan'uwan turken ragona ne."

Baba ya ce ta bar shi ya ji da abin da ke damunsa. Ta ce ita dai ta faɗa, kan iri ɗaya ne, har ramukan da ke kewaye, don a ɗaya daga cikinsu take zura igiya. Ni kuwa sai na ji yatsan ƙafata ya motsa da kansa. Na dubi faifan nan da na yi kwanaki ina ɗauka a kafaɗa, na tuna wanda ya fasa mini farce. Wallahi jaki ma da ya gane tun a gareji.

Baba ya tashi, ya zagaya bayan madafa a karon farko tun rikicinsa da rago. Ragon ya ja da baya ya sunkuyar da kai zai maimaita tarihi, Umma ta riƙe ƙahonsa. Baba ya ɗaga tsohon kwanon. Ya daɗe yana kallo. Ya sa babban yatsa ya goge tsatsar da ke saman, ya ƙirga ramukan. Sannan ya juyo a hankali ya tambayi daga ina wannan ya zo gidansa. Ƙannena, waɗanda ba a tambaye su ba, suka nuna ni da hannu bibbiyu, suka ba da labarin tun daga tsinken tsire har zuwa ladani.

Na zaci zai yi murna ko ya yi faɗa, amma bai yi ko ɗaya ba. Ya ce kada kowa ya yi murna tukuna. Mai Bene shaf biyu gare ta, dogo da gajere, ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogon ne ya karye. Ga rabin wannan a ƙasa, ba a san tsawonsa ba. Ga kuma siminti, in ya cinye haƙoran bakin, aikin banza ne.

"Kai, da ka ɗauko, guda nawa ka gani a wurin?"

Na ce biyu.

"Wanne ka ɗauka?"

Na ce, "Baba, wane mai son zama ƙato ne zai ɗauki gajere?"

Umma ta kai wa bakinta gefen mayafi. Baba ya ce in kawo diga.

Ni na haƙa, kuma ban taɓa aiki da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Maƙwabta suka ji ana sara suka shigo, tela ya bar kekensa, mai rake ma ya zo, kowa da shawararsa. Muka ciro bokitin muka kwantar. Baba ya jera guntayen biyu a gefensa, ya karɓi tef ɗin tela ya auna daga faifai zuwa bakin bokiti, sannan ya auna zurfin bokitin. Ya sake aunawa. Sai na ga ya tura hularsa baya, kuma duk wanda ya san Baba ya san ba ya tura hula baya sai abu ya yi.

Saura siminti. Ya hana kowa taɓawa. Ya zauna a ƙasa da kurfi da ƙaramar guduma yana ɓantara kaɗan kaɗan kamar mai ɓare dafaffen ƙwai. Nan ma wautata ta yi rana, don ban san awon kwaɓi ba, yashi na zuba da yawa, simintin kuwa ɗan abin da na roƙa wurin magina. Yana taɓawa yana rugujewa kamar ƙuli-ƙuli. Kuma da yake ƙyuya ta hana ni wanke sandar kafin in dasa, tsohon giris ɗin yana nan ya rufe haƙoran. Da ya goge da tsumma da kananzir, suka fito reras, ko ɗaya bai ci ba. Baba ya ce alhamdu lillahi, a hankali, kamar kada shaf ɗin ya ji ya canza ra'ayi.

Washegari Oga na Dilimi da kansa ya rufe shago ya biyo mu gareji, ya ce sai ya gani da idonsa. Aka zura shaf, ya shige kamar ya dawo daga tafiya. Aka ɗaure notuna, aka sauke jak, Baba ya hau ya tayar, ya sa giya. Ta motsa. Oga ya dafa kaina ya ce wa Baba yaron nan ɓarawo ne mai albarka, a riƙa barinsa yana yawo. Baba ya ce albarkar ta Umma ce da ba ta zubar da komai, ni dai ɓarawon ne kawai. Duk da haka a hanya ya tsaya ya saya mini tsire, ya ce in ci ko hannun ya yi kauri.

Abin ya ba Baba wata dabara. Ya ce in ɗansa ya ɗauka, to ba shi kaɗai ya ɗauka ba. Muka koma Bukuru muka bi unguwar da ke kewaye da filin, inda yanzu an fara zuba harsashin shaguna. Mun sami madubin ɗaya daga cikin matattun a shagon aski. Mun sami kujeru biyu a wurin mai shayi. Ƙararrawar wata Islamiyya ashe durom ɗin birki ne, malamin ya ce a kawo masa wani ƙarfen mai ƙara ya ba mu. Wata tsohuwa tana tsugunar da tukunya a kan abin da Baba ya ce murfin kuloci ne, ita kuwa ta ce ko Gwamna ya zo ba za ta bayar ba. Abin da muka samu Baba ya shafe da giris ya jera a ƙarƙashin gadonsa. Ba shi da yawa. Inji da giya sun tafi, sun narke, wataƙila yanzu rodi ne a ginin wani. Baba ya san wata rana wani abu zai karye wanda ba a ɗaure rago a jikin ɗan'uwansa ba, kuma ya faɗa da bakinsa.

Ranar Sallah Mai Bene ta fita, sama da ƙasa cike da yara da sababbin kaya, muka yi ta kai su gidan zu muna dawowa. Ɗan Alhaji bai sayar ba, har yau Baba ke tuƙa ta. Ragon ya ƙarasa kwanakinsa ɗaure a jikin bishiyar gwaiba. Farcena ya sake fitowa, amma a karkace.